Igiyar Inna Delu

Duk sanda aka turo mini sababbin ma'aikata in koya musu kula da tsofaffi da masu larura, kafin mu gama gaisawa na san abin da ke ransu. Gani suke aikin zama ne: a je gidan tsohuwa, a ba ta magani, a taya ta hira, a kama hanyar gida. Wata yarinya a bitar bara ta ce mini ita ta zaɓi wannan fanni ne don tana son tsofaffi, kakarta ma ita ke yi mata tsifa. Na ce madalla, Allah ya bar ƙauna, amma kakarki tana gane ki, kuma da ƙafarta take zuwa banɗaki. Ba ta ji daɗin maganar ba, ni ma ba don ta ji daɗi na faɗa ba. Shekaru sun ja, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, ba ni da sauran ƙarfin lallashi.

Ɗakin da muke bita a Unguwar Sarki akwai majigi, an kuma haɗo mu da hotunan tsofaffin wata ƙasa suna murmushi a cikin lambu, gashi fari tas, kowa da kujerarsa mai taya. Nakan bar yaran su kalla, tunda an ce a nuna. In an ɗauke wuta, abin da ba ya wuya, sai in jawo jakata in zazzage musu kayan aikin gaskiya a kan tebur. Ƙaramin baho na roba. Tawul biyu, ɗaya na saman jiki ɗaya na ƙasa, kuma duk wadda ta haɗa su ta gamu da ni. Sabulu marar ƙamshi, don mai ƙamshi yana ɓoye abin da nake so hancina ya ji. Dutsen goge kaushi, man kaɗanya, abin yanke farce, almakashi, safar hannu, da 'yar tocila ta leƙa tsakanin yatsu. Sai wani tsohon zani da nake shimfiɗawa a cinyata. Sukan tsaya suna jira in fito da wata na'ura. Babu, kayan ke nan, sauran kuwa ido ne da hanci da haƙurin zama a ƙasa.

Aikin farko da aka ba ni yankan farce ne, kuma na tsane shi. Lokacin ina da ƙuruciya, ina taimaka wa masu jinya a wani asibiti, sai aka haɗa ni da wata nas mai suna Mama Saratu da ke bin gidaje tana duba waɗanda aka sallama. 'Yar kudancin Kaduna ce, gajera, mai faɗa, ba ta iya yabo ba. Na zo da ɗokin a ba ni allura in yi, ko a bar ni in auna jini. Ita kuwa duk gidan da muka shiga sai ta nuna mini ƙasa ta ce in zauna in ɗauki ƙafar mara lafiya. Na yi wata da watanni ina wanke ƙafafun mutane ina yanke musu farce, ita tana can tana hira da mutanen gida, har na fara zargin raina ni ta yi. Ran da na yi mata ƙorafi a hanya ko rage tafiya ba ta yi ba. Ta tambaye ni, tsohon da muka baro yanzu, da na ce masa ya jiki, me ya ce? Na ce ya ce da sauƙi. Ta ce to mutumin nan da wuya ya kai Juma'a, kuma ya ce da sauƙi. In bakin mutanenmu zan riƙa bi, gara tun wuri in koma gida in kama suyar ƙosai.

Sannu a hankali na gane abin da take nufi. Tsohon Bahaushe ba ya kai ƙarar gidansa. Ki tambaye shi ana ba shi abinci, ya ce Alhamdulillahi. Ki tambaye shi ana yi masa faɗa, ya ce yaran suna ƙoƙari. Ga 'ya'yansa tsaye a kansa, ga ke baƙuwa kin zuba masa ido da biro a hannu, me kike so ya ce? Amma ƙafa ba ta san kara ba. Tsawon farce zai gaya miki rabon da wani ya zauna kusa da shi. Faso da dattin tsakanin yatsu su gaya miki rabonsa da wanka na kirki. Kumburi da nasa bayanin, sanyin tafin ƙafa da nasa. Sannan ba mai juriyar tsayawa kallon yankan farce, mai gida yakan gaji ya fita a bar ku ku biyu. Kanki yana ƙasa, ba kya kallon fuskarsa, ruwan ɗumi ya ratsa shi, sai ki ji ya fara magana kamar da bango yake yi. Ba a katse shi, ba a kuma ɗago kai.

Shiga gida ma sai da ta koya mini. In an ba ki ruwa ki sha, ko ba kya jin ƙishi. In an nuna miki kujera a falo ki yi godiya ki wuce ɗakin mara lafiya, don a falo labarin da aka shirya za ki ji. Ki gai da wadda ke wanke masa kaya kafin ki gai da wanda ya kira ki, ita ce za ta buɗe miki ƙofa gobe. Ta koya mini yadda ake juya wanda ya daɗe a kwance da zanin gado ba da hammatarsa ba, da yadda ake duba ƙugu da diddige kafin fata ta fashe. Ɗagawa ce kawai ban ji maganarta ba, na riƙa yi da baya maimakon gwiwa, ga shi yau ina biya.

Wani abin da yaran ba su sani ba shi ne wanda muke wa aiki ba shi ke kiranmu ba. Ɗa ne daga Abuja zai bugo waya a je a duba masa uwa, ko maƙwabciya ta gaji da jin kuka ta katanga, ko mai unguwa ya aiko. Shi wanda abin ya shafa bai san da zuwanki ba, sau da yawa ma ba ya so. Na yi fama da wani tsohon direban tanka da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya gwammace ya wuni cikin fitsari da mace ta ga tsiraicinsa. Sai da na nemo masa namiji, kuma har yau maza ba sa son aikin nan. Na shiga gidan da ake tura 'yarsu mai taɓin hankali ɗakin kaji in an yi baƙi, mace ta kusa arba'in. Sababbi suna zuwa da shirin kama mugaye. Akwai mugaye, na gan su, amma ba su da yawa. Yawancin ɓarnar da na gani a aikin nan gajiyayyu ne suka yi ta, mutanen da suka yi shekaru barci bai ishe su ba, kuma ba wanda ya taɓa ce musu sannu.

Gidan Inna Delu a Unguwar Kanawa maƙwabciya ce ta kai ni. Ta ce tsohuwar ta daina fitowa, kuma da rana tsaka ana jin tana roƙon a buɗe mata. Gidan ɗanta ne na fari, Malam Haruna, kafinta ne, shagonsa yana bakin titi ba nisa. Matarsa Jummai ce ta tarbe ni, da goyo a baya, hannu duk kumfar wanki. Ta ce Inna lafiyarta ƙalau sai gigin tsufa, wato ruɗewar nan da ke sa tsoho ya manta jiya ya tuna ƙuruciya. Akwai kuma ciwon suga, ana ba ta magani. Ɗakin a share yake, an sa turaren wuta, Inna na zaune a bakin gado da hijabi wankakke, doguwar Bakatsiniya da sauran kyanta. Na ce Inna ya jiki. Ta ce da sauƙi, 'yar asibiti. Sunan da ta sa mini ke nan har ƙarshe.

Na nemi ruwan ɗumi na zauna a ƙasa. Farcenta a yanke, ƙafa tsaf, na ce a raina gidan nan ana kula. Sai da na ɗaga zani zan shafa mata mai na ga wani zobe a idon sawunta na hagu, fatar ta yi duhu ta yi sulɓi kamar inda munduwa ta daɗe. Na kai hannu ƙarƙashin gado kamar mai neman murfin mai, na taɓo ƙyallen atamfa a ɗaure da ƙafar gadon. Na gama shafa man, na yi wa Inna sallama, na fita na sami Jummai a wajen wanki, na tsuguna na kama mata matsa.

Nan ne nake tsayar da masu bita in tambaye su me za su yi. Kullum amsar ɗaya ce: a kai rahoto, a kira hukuma, a ɗauke ta. In ce a ɗauke ta a kai ta ina? Rahoto dole ne, ni ma a ranar na kai nawa ofis. Amma ofis ba ya kwana a gidan, Jummai ce ke kwana. In kika shiga da faɗa, gobe a rufe za ki sami ƙofar, tsohuwar kuma tana ciki.

Jummai ba ta yi mini musu ba. Ta ce tun da gigin ya yi ƙarfi, kullum rana ta yi tsaka sai Inna ta ɗauki langa ta zuba abinci ta nufi ƙofa. An taɓa tsinto ta a Unguwar Sarki ba takalmi. An taɓa yin wani mai napep da ya taka birki a gabanta har fasinjansa ya faɗo. Ita ga yara, ga girki, ga wanki, ba za ta rabu biyu ba. Malam Haruna ne ya ce a riƙa ɗaure ta da rana, shi ya yago ƙyallen da hannunsa, ya zaɓi mai taushi. Na tambaye ta ina Inna take cewa za ta. Ta ce sun tambaya har sun gaji, ba ta faɗa, sai ta sunkuyar da kai ta ce a dai buɗe mata.

Na roƙi a bar ni in gwada abu ɗaya. Washegari na zo kafin azahar, na ce kada a ɗaure ta, kada kuma a hana ta. Ta tashi ta wanke langar da kanta, ta zuba shinkafa da wake, ta ɗaure da ɗankwali, ta gyara hijabi ta fita. Na bi ta a baya-baya, daga nan na jera da ita kamar hanyarmu ɗaya. Tafiya take da niyya, ba irin ta wanda ya ɓata ba, ta miƙi hanyar cikin gari. Na ce Inna, wa za a kai wa abinci? Ta kau da kai. Sai da muka yi nisa da gida ta ce a hankali, "Yaron nan ne. Tun safe yana kasuwa, maigidansa ba ya ba su komai."

Sai na gane. Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunan Haruna, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune, kuma ko a gaban wa ba za ta nuna ta damu da cikinsa ba. Yaran yanzu dariya abin yake ba su, amma haka iyayenmu suka tashi. Haruna ya ba ni sauran daga baya: yana saurayi a Babbar Kasuwa ya koyi kafinta, lokacin suna zaune kusa da can, ita ke kai masa abincin rana ta ajiye wajen wata mai goro ta juya, kada a ce wajen ɗanta ta zo. Gigi ya share mata kusan komai ya bar mata wannan. Su kuma mutanen gida suna tambayarta ina za ta a gaban Haruna ko a gaban matarsa, abin da ko da hankalinta ba za ta faɗa ba.

A ranar na juya da ita ta wani lungu, na ce mata an canza wa yaron shago. Muka ɓullo bakin titi, ga Malam Haruna yana zarto, furfurarsa cike da garin katako. Ta hango benci da katakai ta tsaya nesa, ta ajiye langar a kan wani kututture, ta juya ba ta dubi kowa ba. Muka koma gida ta kwanta ta yi barci har la'asar. Da na koma shagon na yi masa bayani, ya daɗe yana kallon langar. Ya ce shi duk a zatonsa gudun gidansa take yi. Ya zauna ya cinye abincin tas, ko da yake ya riga ya ci na rana.

Daga nan aka sami tsari. Maƙwabciyar nan da wasu matan layin suka riƙa karɓa-karɓa wajen raka ta, ni kuma ina leƙowa a kai a kai. Ƙyallen ya koma tsumman goge-goge. Zoben ƙafar ya fara bajewa, sugan ma ya sauka saboda tafiyar, Jummai ta samu tana ɗan runtsawa da rana. Na ji daɗin gidan nan ƙwarai, don a aikinmu ba kasafai abu ke gyaruwa ba, yawanci rage lalacewa kawai muke yi. A wajen bita nan nake so in tsaya da labarin, amma ba nan ya tsaya ba.

Shekarar annoba ta zo aka kulle gari. A duk tsawon aikina ban ga irinta ba. Aka ce tsofaffi da masu suga su cutar ta fi kayarwa, saboda haka ofis ya hana mu shiga gidajensu, kada mu kai musu da kanmu. Dokar ba ta wauta ba ce, ni ma da ni ce a sama haka zan ce. Aka ce mu riƙa bin su ta waya. To me waya za ta gaya mini? In buga, Jummai ta ce lafiya lau, ta kara wa Inna a kunne, Inna ta ce da sauƙi 'yar asibiti. In kashe in zauna ina kallon jakata a rataye. Tsohon direban nan a shekarar ya tafi, shi da wasu da yawa da ba cutar ce ta kashe su ba.

Ranar da aka sassauta don mutane su sayi abinci na je gidan Inna na tsaya a tsakar gida, da takunkumi a fuska kamar yadda aka ce. Aka ɗaga labule na hango ta daga nesa a bakin gado, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo ana wannan zafi. Ba ta gane ni ba. Na ce a yaye bargon, Jummai ta ce sanyi take ji, zazzaɓi ne ya ɗan taɓa ta, kuma Malam ba ya nan. Ba ni da izinin shiga, hancina a rufe, hannuna bai kai ba. Na kai maganar ofis, aka ce a ƙara haƙuri, an kusa buɗewa.

Abin da ya faru sai daga baya na ji shi. Shago a rufe, titi ba kowa sai masu tsaron doka, amma rana na yin tsaka Inna za ta ɗauki langa. Haruna yana zaune a tsakar gida, a nuna mata shi a ce ga shi nan, ta ce ita ba ta san wannan dattijon ba. Wata rana ta sulale ta fita, masu sintiri suka dawo da ita, suka wanke Haruna tas a gaban 'ya'yansa, suka ce in aka sake ganinta a titi da shi za su tafi. Aka koma ƙyalle, ita kuwa ta koyi kwance shi. Sai ya yanko igiyar shanya, irin ta roba, ya yi mata ƙullin da ba ya kwantuwa. Ita kuma ta riƙa wuni tana ja.

Ran da aka ce mu koma aiki gidan na fara zuwa. Tun daga zaure na sauke takunkumin, kuma tun daga zauren na ji. Duk wanda ya yi aikin nan ya san warin, turaren wuta ba ya rufe shi. Igiyar ta ci fata ta shiga nama. Sun cire ta da suka ga ciwo, suka yi ta barbaɗa toka da garin kafso suna naɗewa da tsumma. Ƙafar mai suga ba ta yafe irin wannan. Yatsun sun yi baƙi, baƙin ya haura idon sawu, na taɓa tafin na ji shi da sanyi kamar gindin randa. Na tambayi Jummai me ya hana su zuwa asibiti. Ta ce tsoro. Ana cewa duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi ake yi, ga kuma shaidar igiya, kowa ya gani ya san mene ne.

Na ce yau za a tafi ba gobe ba, yanzu maganar ranta ake, ƙafar kam ban sani ba. Haruna ya fita neman mota. Ina cikin naɗa mata bandeji sai na ji Inna ta dafa kaina. Gigi yakan yi haka, ya washe na ɗan lokaci. Ta ce, "'Yar asibiti, in likita ya tambaya, ki ce wuta ce. Ki ce garwashi na taka."

Na ce, "Inna, ba zan iya ba. Sai ya san gaskiya zai san abin da zai yi miki."

Ta ce, "To ba za ni ba."

Ta kuwa riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Ina so masu koyo su ji wannan da kyau. Ana koya mana cewa babba yana da ikon ya ƙi magani, ana kuma koya mana cewa a ceci rai, amma ba wanda ya gaya mana yadda za a yi in duka biyun suka haɗu a kan mutum ɗaya. Tsohuwa ta san ƙafarta ta lalace, ta gwammace ta mutu da ita da a ce ɗanta ya ɗaure ta. Ba zan ja ta da ƙarfi ba, jan da aka yi mata ya isa. Ba kuma zan yi mata alkawarin ƙarya ba. Na fita na sami Haruna a ƙofar gida ya zo da mota, na gaya masa abin da ta ce ban rage komai ba. Na ce masa ni iyakata ke nan, saura nasa.

Mutumin da tun da ya yi wayo bai taɓa zama a ɗakin uwarsa ba ya cire takalmi ya shiga. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ni zan faɗa da bakina. Ba wanda zai tambaye ki." Ta juya fuska bango. Ban sani ba ko ta gane shi a lokacin, amma ta saki ƙarfen. Shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai ta mota.

A asibiti likita ya buɗe ya duba, ya tambaya wa ya yi wannan. Haruna ya ce shi ne, ya faɗi da me, ya faɗi dalili. Likitan ya gaya masa maganganu masu zafi a gaban jama'a, shi kuma ya tsaya ya shanye, bai kare kansa ba. Aka yi abin da doka ta ce, aka zo aka bincika, aka ja masa kunne, aka ɗora mini sa ido a gidan. Ran Inna ya tsira. Ƙafar kuwa an yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallamo ta na koya wa Jummai wanke dungulmin da naɗe shi, da yadda za ta sauke ta daga gado ba tare da ta karya bayanta ba. Muna cikin yi wata rana sai ta ce, yanzu dai Inna ba inda za ta. Ta faɗa ne da sauƙin rai, sai ta ji abin da ta faɗa, ta toshe baki da zani ta fashe da kuka. Ban ga laifinta ba, na bar ta ta yi ya ishe ta. Masu bita sukan tambaye ni ko gidan nan a cikin waɗanda muka yi nasara yake. Nakan ce su tambayi wani, ni dai na san na gaji.

Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ci gaba da jin ta kamar tana nan. Ga mai hankalinsa ma abin da wuya, balle wadda ke mantawa kowace safiya. Rana na yin tsaka Inna za ta jawo langa ta yunƙura ta kasa. Sai ta shiga laluben zani wajen da ƙafar take a da, tana cewa igiyar ta matse ta, a taimaka a sassauta mata. Jummai ta gwada gaya mata gaskiya, ta yaye zanin ta nuna mata. Inna ta yi kuka kamar ranar aka yanke, washegari ta manta aka koma farko. Na ce a daina nuna mata.

Wata rana na je duba ta, Haruna ya dawo daga shago cin abinci, don yanzu gida yake dawowa da rana. Ya tsaya bayan labule yana jin tana roƙo. Ya kira ni gefe ya ce, "Malama, ya zan yi mata?" Na ce ban sani ba, wannan ba a koya mini ba. Sai ya shiga. Ya durƙusa a gaban gadon, ya sa hannu biyu a kan katifa inda babu komai, ya shiga kwance ƙulli a hankali, yana ja yana warwarewa. Da ya gama ya naɗe igiyar da babu ita a hannunsa, ya ce an kwance. Inna ta yi ajiyar zuciya ta jingina da bango. Ta tura masa langar, ta ce ya taimaka ya miƙa wa yaron da ke koyon kafinta a kasuwa, ita yau ta gaji.

Ya ɗauka zai fita ta kira shi. Ta ce, "Bawan Allah, abin da ka gani a ɗakin nan ka bar shi a nan. Mutanen gidan nan suna da kirki."

Ya ce to, Inna. Haka ya riƙa yi kullum da rana har Allah ya karɓi abarsa, kuma kullum sai ta roƙe shi ya rufa musu asiri.